Siton da Ba a Gani: Tarihin Ajiyar Kwamfuta ta Tarayya a Adjamé da Treichville

Wanda ya shiga ofishin masu fiton kaya a Treichville ya leƙa fuskar kwamfutar akawu, zai ga haruffa a jere. Akwai C, wato faifan da ke cikin na'urar da ke kan teburin. Akwai kuma wani harafi daga can ƙarshe, galibi Z, wanda in aka danna shi sai jakunkunan takardu su buɗe: takardun jirgi, rasit na kwastan, lissafin abin da kowane Alhaji ya biya da abin da ake binsa. Ko da za a kwance kwamfutar nan ƙusa bayan ƙusa, ba za a tarar da takardun a cikinta ba. Suna cikin wata na'ura daban, uwar garke, wadda ke kulle a ɗaki na gaba, ko a wani bene a Plateau, ko ma a ƙetaren teku. Tarihin wannan haɗi a Abijan ya ratsa kasuwar Adjamé, ya bi ta ƙofar bankunan da aka rufe a 2011, ya gangara har ƙarƙashin ruwa. Tambayar da ke cikinsa kuwa Bahaushe ɗan kasuwa ya daɗe da saninta: a hannun wa ka bar ajiyarka, kuma ranar da hanya ta yanke me ya rage a hannunka?

Tun ba a san za a yi wani birni mai suna Abijan ba, fataken Hausa suke bin hanyar Gwanja neman goro. Salaga ce babbar kasuwa, amma ayari kan zarce har Bonduku da Kong, a ƙasar da yau muke kira Kwaddebuwa. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 sai ikon Asante a kan Salaga ya kau, yaƙin basasa na 1892 kuma ya tarwatsa mutanen garin, fatake suka bazu suna kafa zango a sababbin wurare. Mai gida ne ya riƙe cinikin nan mai nisan tafiya. Baƙo ya sauka a gidansa, ya sauke kaya a sitonsa, shi kuma ya nemo mai saye, ya tsaya a kan bashi, ya riƙe lissafi. Sito ɗaya ne, masu ajiya da yawa, makulli a hannun mutum ɗaya, yaran gida kuma kowa ya san buhun da zai taɓa da wanda babu ruwansa da shi. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari filla-filla a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan. Wanda ya fahimci siton mai gida ya gama fahimtar uwar garke. Abin da ya rage waya ce da lantarki.

Abijan kanta layin dogo ne ya haife ta. Faransa ta ayyana ƙasar a matsayin mallakarta a 1893, da hedikwata a Grand-Bassam. Annobar zazzaɓin shawara ta 1899 ta kori Turawa zuwa Bingerville. A 1904 aka fara shimfiɗa dogo daga bakin tafkin Ebrié, a 1934 kuma hedikwata ta koma Abijan. Turawa suka riƙe tudun Plateau, baƙar fata aka raba su gefe biyu: Adjamé daga arewa, da Anoumabo daga kudu a ƙetaren ruwa, wadda aka raɗa wa sunan Marcel Treich-Laplène ta zama Treichville. Da aka gama haƙa mashigin Vridi a 1950 manyan jirage suka samu shiga tafkin, aka buɗe tashar ruwa a 1951. Dogon da aka sa wa suna Abijan-Nijar ya isa Wagadugu a 1954, bai kai Yamai ba, amma mutanen Adar da Gobir da Damagaram ba su tsaya jiransa ba. Sun zo da albasar Galmi, sun kai shanu Port-Bouët, sun ɗauki goro a Anyama, sun kafa teburin tsire. Abincin nan na garin rogo da soyayyen kifin tuna da duk Abijan ke kira garba, 'yan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi. Da haka aiki ya rabu: Adjamé ta zama gidan kaya da motocin arewa, Treichville ta zama gidan tasha da takardun tasha.

Shekaru masu yawa takardun nan da keken rubutu ake buga su, a saka baƙar takarda a tsakani a fitar da kwafi uku ko huɗu. Ɗaya ya tafi kwastan, ɗaya ya tafi kamfanin jirgi, ɗaya ya shiga kabad. Ɗan kasuwa kuwa littafin bashinsa yana cikin akwatin ƙarfe a shago. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Treichville a 1997 ta tuna wa mutane abin da suka sani suke mantawa: wuta ba ta bambanta atamfa da littafin lissafi, kuma atamfa ana iya sayo wata.

Kwamfuta ta fara shigowa ƙasar ne ta ƙofar gwamnati. Akwai ofishin da ake kira OCM, wanda ke buga albashi da lissafin baitulmali a kan manyan na'urori masu cika ɗaki, kafin a maye gurbinsa da kamfanin SNDI a 1999. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar kwastan ta kafa tsarinta mai suna SYDAM, bayanin kaya ya fara shiga babbar na'ura ɗaya maimakon ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Wannan ne karon farko da mai albasa ko mai yadi ya ji cewa kayansa sun tsaya ba don wani jami'i ya ƙi sa hannu ba, sai don layi ya faɗi. A wancan zamani allon da ke gaban ma'aikaci ba ya riƙe komai. Duk ajiya tana tsakiya, kuma kowa ya san haka.

Ƙaramar kwamfuta ce ta rikita wannan tsari. IBM ta fito da tata a 1981, kafin a ce me ta cika ofisoshin duniya, kowace da faifanta, kowace da ajiyarta. In akawu yana son miƙa wa abokin aikinsa lissafi sai ya kwafe a ɗan faifan disket mai cin megabait 1.44, ya tashi ya kai masa. Washegari an sami lissafi biyu, jibi uku, kowanne da gyaran da ɗayan bai sani ba. Zafi da danshin Abijan kuma ba sa barin disket ta yi tsawon rai.

Maganin an riga an ƙera shi a wani wuri. A 1973 Robert Metcalfe ya tsara Ethernet a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, hanyar da na'urori da yawa za su yi magana a kan waya ɗaya. A 1983 kamfanin Novell ya fitar da NetWare, a shekarar kuma wani injiniyan IBM, Barry Feigenbaum, ya rubuta ƙa'idar da ake kira SMB, wadda manufarta ita ce kwamfuta ta ɗauki jakar da ke cikin wata kwamfutar kamar faifanta ne. Sun Microsystems ta kawo tata, NFS, a 1984, don na'urorin Unix. Haruffan da muke gani gado ne daga can: A da B na disket ne, C na faifan ciki, masu NetWare suka saba fara rumbun tarayya daga F, Windows kuma ta fi ba da shawara a fara daga Z a yi baya. Microsoft ta rungumi SMB, ta saka ta cikin Windows for Workgroups a 1992, ofis mai tebur biyar ya samu abin da a da sai banki.

A cikin dukan sunayen nan, wanda na fi ganin talakan ɗan kasuwa ya ci moriyarsa shi ne Andrew Tridgell. Ɗalibi ne a jami'a a Kanbera ta Ostireliya lokacin da ya zauna yana nazarin saƙonnin da ke wucewa a kan waya har ya gano yadda ake maganar, ya rubuta manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba, ya sake ta kyauta a farkon 1992. Da ita, tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da Linux tana iya zama uwar garke ga kwamfutocin Windows ba tare da an biya kuɗin lasisi ba. Yawancin ƙananan akwatunan ajiya da ake sayarwa yau, waɗanda ake ɗorawa a kan kabad a jona su da waya, Samba ce a cikinsu.

Amfanin wannan kyauta ya bayyana ne bayan watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin ƙaramin ofis, sai aka koma ga kayan gwanjo, waɗanda mutanen Abijan ke yi wa laƙabi da ban kwana da Faransa. Kwantena ta sauka a tasha, ta ƙetare gada, ta juye a Adjamé. A kasuwar nan da ake kira Black Market, daf da tashar mota, lungu ne matsattse, rumfa na jingine da rumfa, a kan kowane tebur ga allon kwamfuta a buɗe, ga tarin faifai an ɗaure da roba, ga ƙarfen narka dalma yana hayaƙi. Da yawa daga cikin samarin da suka haɗa ofisoshin Treichville a irin waɗannan rumfuna suka koyi aiki, a gefen wani ubangida, da kallo da tambaya da lalata kaya a gyara. Littattafan tarihin fasaha ba sa ambatonsu, amma in ba don su ba da rumbun tarayya ya tsaya a benayen Plateau.

Gwanjo yana da nasa haɗarin. Faifan da aka ciro daga ofishin Turai sau da yawa yakan iso da kayan mai shi a ciki. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi wani faifai dala 40 a kasuwa a Gana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman. Abin da ya sami babban kamfani yana iya samun mai fito da ya sayar da tsohuwar na'urarsa ba tare da an goge ta ba, da kwafin fasfon abokan cinikinsa a ciki.

Yadda ake haɗin kansa bai sauya sosai ba tun shekarun 1990. Mai haɗawa ya zo da nadin shuɗiyar waya a kafaɗa da filaya a aljihu. Ya bi jikin bango yana kafa wayar da ƙananan ƙusoshi, ya fere bakinta, ya jera siraran wayoyi takwas bisa launi, ya matse su cikin ɗan kan roba, ya cusa a akwatin rarraba layi har koriyar fitila ta fara ƙiftawa. Uwar garke a ajiye ta can ƙuryar da ta fi sanyi, a jona ta da batirin ko-ta-kwana mai kuka in an ɗauke wuta. Sannan ya zauna a teburin akawu ya rubuta sanda biyu masu karkata baya, sunan uwar garke, wata sandar, sunan jakar da aka buɗe don tarayya. Na'ura ta nemi suna da kalmar sirri. Ya zaɓi harafi, ya sa alamar cewa duk sanda aka kunna a sake jonawa. In mutum biyu suka buɗe lissafi ɗaya, na farko ne ke da ikon rubutu, na biyu sai dai ya karanta har wancan ya rufe. In waya ta cire ko uwar garke ta mutu, jar alama ta hau kan harafin, aiki ya tsaya.

Duk wannan ba ya cin sa'a guda. Inda ake daɗewa shi ne wurin rabon izini. Mai haɗawa ya juyo ya ce, "Alhaji, wa da wa za su iya gogewa, wa kuma zai tsaya a karatu kawai?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ai duk yarana ne, ɗana, ka buɗe wa kowa." Magana ce ta mutunci, kuma na fahimci inda ta fito, domin a al'adarmu ware yaro a ce ba zai taɓa abu ba tamkar zarginsa ne. Amma kuskure ne babba. Iyakance izini ba tuhuma ba ce. Yaro mai gaskiya ma hannunsa yana zamewa ya goge jakar shekara guda, kuma in kowa da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya yake shiga, ranar da lissafi ya sauya babu yadda za a wanke mai gaskiya daga zargi. Alhajin nan kansa ba ya ba kowane yaro makullin shago.

Ana cikin haka waya ta fita daga ofis ta shiga duniya. Cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, ta shimfiɗa hanyar saƙon kwamfuta mai suna RIO wadda a farkon shekarun 1990 ta haɗa Abijan da Dakar da Bamako da Wagadugu da Yamai. Africa Online ta buɗe wa jama'a intanet a 1996. A 1997 aka sayar wa France Télécom kashi 51 cikin 100 na kamfanin tarhon ƙasa. A 2002 wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki, ACE da WACS suka biyo baya a 2012. Shagunan intanet suka cika unguwanni, 'yan damfara da ake kira burutar suka ɓata wa ƙasar suna, har a Yunin 2013 aka kafa doka a kan laifukan intanet da wata a kan kare bayanan mutane, aka ɗora wa hukumar ARTCI kula da ta biyun. A 2012 aka buɗe makarantar ESATIC a Treichville, a kan titin Marseille, don horar da injiniyoyin sadarwa. Kwastan ta koma SYDAM World, a 2013 kuma aka kafa GUCE, taga ɗaya ta intanet don takardun shige da fice na kaya.

Kowane mataki a cikin waɗannan ya sauƙaƙa aiki, kowanne kuma ya ƙara nisa tsakanin mai ajiya da ajiyarsa. Ba a gane girman nisan ba sai da ƙasa ta rikice. Tawayen 19 ga Satumban 2002 ya raba ƙasar biyu, dogo ya tsaya, kayan Mali da Burkina da Nijar suka karkata zuwa Tema da Lome da Kwatano. A 2003 Bankin Raya Afirka ya kwashe ya koma Tunis, bai dawo ba sai 2014. A Nuwamban 2004 aka wawashe shaguna da ofisoshi a Abijan. A farkon 2010 aka shiga rabon wuta na makonni bayan wani inji ya lalace a tashar Azito. Amma darasi mafi zafi ya zo ne a 2011.

Bayan zaɓen 28 ga Nuwamban 2010, Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara kowa ya ce shi ya ci. Ƙasashen Yammacin Afirka da ke amfani da sefa suka amince da sa hannun Ouattara a kan asusun gwamnati. Gwamnan babban bankin yankin, BCEAO, Philippe-Henri Dacoury-Tabley, ya sauka a watan Janairun 2011, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Gbagbo ta ƙwace rassan bankin da ke cikin ƙasar. Ginin yana hannunta, da ma'aikata, da kwamfutocin da ke kan tebur. Sai dai hedikwatar tana Dakar, kuma daga can ake tafiyar da tsarin da bankuna ke biyan juna. Dakar ta rufe ƙofa. Cak ɗin wannan banki ya daina wucewa a wancan. A tsakiyar Fabrairu BICICI da Citibank suka rufe, Standard Chartered da SGBCI suka bi sahu, jama'a suka yi dogayen layuka a Plateau suna neman ciro abin da ya samu. Kasuwar hannun jari ta yankin, BRVM, ta koma aiki daga Bamako na wani lokaci. Bankuna ba su buɗe ba sai ƙarshen Afrilu, bayan an kama Gbagbo ranar 11 ga watan.

Tsarin babban banki ya fi rumbun ƙaramin ofis girma nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: riƙe tebur ba riƙe ajiya ba ne. Fiye da wata biyu mutum yana da kuɗi a rubuce ba shi da na cefane. A wannan tsakani ciniki ya koma ga tsabar kuɗi da sanayya, kuma 'yan kasuwar da suka saba a karɓa a Adjamé a biya a Tawa ko Maraɗi bisa amana, hanyarsu ba ta bi ta Dakar ba. Ban faɗi haka don a raina banki ba. Na faɗa ne don wanda ke da hanya biyu ya fi wanda ke da ɗaya kwanciyar hankali a wancan lokaci.

Shekara shida bayan haka bala'i ya shigo ta cikin ƙa'idar SMB kanta. Tsohon samfurinta, wanda ya samo asali tun shekarun 1980, yana da ɓaraka. Microsoft ta fitar da gyara ranar 14 ga Maris 2017, ofisoshi da yawa ba su saka ba. Ranar 12 ga Mayu cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta shiga ƙasashe fiye da 150, tana kulle fayiloli tana neman fansa. Ranar 27 ga Yuni wata da ta fi ta muni, NotPetya, ta taso daga wata manhajar lissafin haraji a Yukiren ta faɗa cikin Maersk, kamfanin jiragen kwantena na Denmak, wanda reshensa APM Terminals ke da hannun jari a tashar kwantenar Abijan. Cikin ɗan lokaci allunan kamfanin suka yi baƙi a faɗin duniya, karɓar odar kaya ta tsaya, tashoshi 17 daga cikin 76 suka daina aiki.

Abin da ya ceci Maersk ya faru ne a maƙwabta. Kamfanin yana da na'urori kusan 150 masu riƙe da rajistar sunayen ma'aikata da izininsu, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, saboda haka aka ɗauka ba za su taɓa ɓata gaba ɗaya ba. Da yake a jone suke da juna, cutar ta share su a tare. Ɗaya tak ta tsira, a ofishin Gana, domin an ɗauke wuta kafin harin ta yanke daga layi. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ba da labari a mujallar Wired a 2018, ma'aikatan Gana ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya ɗauko faifan ya kawo Nijeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos cewa sun sake ɗora uwayen garke 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, asara kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kwafin da ke jone kullum ba kariya ba ce. Irin waɗannan cututtuka ba sa tsayawa a kwamfutar da suka shiga, suna bin kowane harafi da mai kwamfutar ke da ikon rubutu a cikinsa. Nan ne maganar buɗe wa kowa take fitar da haƙoranta: yaro ɗaya ya danna saƙon ƙarya, lissafin gidan duka ya kulle. Daga ƙarshen 2017 Microsoft ta daina saka tsohon samfurin a sababbin Windows, amma tsofaffin na'urorin gwanjo da tsofaffin injinan kwafi har yanzu da shi suke magana, kuma mai gyara mai gaggawa yakan sake kunna shi don a samu aiki ya tashi.

Annobar korona, wadda ta shigo ƙasar a Maris 2020, ta ƙara tura ajiya nesa. Da aka killace Abijan daga sauran ƙasa aka rage zuwa ofis, manyan kamfanoni suka buɗe wa ma'aikata hanyar VPN su isa rumbun ofis daga gida. Ƙananan ofisoshi kuwa da yawa suka koma Google Drive da OneDrive, takardun gaggawa kuma ta WhatsApp. Babu na'urar da za a saya, babu batirin da zai mutu, Alhaji yana Makka yana duba lissafinsa a waya. Ni'ima ce, babu musu.

Sai safiyar Alhamis, 14 ga Maris 2024, cikin watan azumi. Wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa kusan lokaci guda. Binciken farko na MainOne ya ɗora abin a kan motsin ƙasa a ƙasan teku. Ƙungiyar NetBlocks mai sa ido a kan intanet ta auna cewa haɗin ƙasar ya faɗi zuwa kusan kashi 4 cikin 100 na yadda ya saba. Masu layin Orange da MTN suka shiga duhu, Moov ta ci gaba da aiki saboda tana da wata wayar daban. Laberiya da Gana da Benin da Burkina duk sun ji a jika, bankuna a Nijeriya ma suka yi ta ba abokan hulɗa haƙuri. An karkatar da layi ta wasu hanyoyi cikin kwanaki, amma gyaran wayoyin ya ci makonni, domin sai an turo jirgi na musamman ya ciro su daga ƙasan ruwa. A ranar, ofishin da ke da tsohuwar uwar garke a ƙurya ya buɗe lissafinsa ya buga rasit, ko da ba zai iya aika komai waje ba. Wanda ya kwashe komai ya kai ƙetare, ko lambar kwantenarsa ba ya iya gani.

Ana ƙoƙarin dawo da ajiya kusa. Tun 2013 akwai mahaɗar CIVIX a Abijan, don saƙon da ya tashi daga Adjamé zuwa Treichville kada ya bi ta Turai kafin ya iso. A yankin fasaha na VITIB da ke Grand-Bassam, tsohuwar hedikwatar da shawara ta kori Turawa daga cikinta, an gina manyan gidajen ajiyar bayanai, ciki har da na Orange da na Raxio wanda aka buɗe a 2024. Wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni, kuma yana tafiya.

Na ƙaramin ofis kuwa babu mai yi masa. Ina kira ga iyayenmu da 'yan'uwanmu masu shago a Adjamé da masu fito a Treichville, da takwarorinsu na Kantin Kwari da Maraɗi: ku kira yaron da ya haɗa muku na'ura ku zaunar da shi. Ya faɗa muku garin da takardunku suke kwana, ya rubuta muku kalmar sirrin shugaba a takarda ku adana da kanku, domin yaro yana iya tafiya. A ba kowane ma'aikaci sunansa da iyakarsa, wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar. A sayi faifan waje, a kwafe komai duk mako, a cire shi daga waya a kai shi gida. Kuma lokaci-lokaci a jona shi a wata kwamfutar a buɗe lissafin bara a gaban idonku, ku tabbatar yana buɗuwa.